Gawo, Taki da Tiya



Mafi yawanmu a makarantar nan ɗiyan manoma ne. Ko wanda aka haifa cikin birnin Maraɗi, in aka bi salsala za a tarar akwai wata gona a ƙauye da ake aiko wa gidansu dami daga cikinta. Gonakin nan kuwa sun ƙanƙance. Gandun da kaka ya noma da ƴaƴansa, yau an raba shi gado sau biyu ko sau uku, kowa ya tashi da ɗan yanki. Babu sauran dajin da za a sassabe, babu kuma halin a bar gona saura ta huta shekaru kamar yadda ake yi a da. Duk da haka gidaje da yawa da ƴar gonar nan suke ci. To me ke riƙe ta?

Abin da na fahimta shi ne musaya ke riƙe ta. Itace na ba ƙasa, dabba na ba gona, maƙwabci na ba maƙwabci, kowane yana karɓar wani abu a madadi. Inda ƙaramin manomi ya fi yin asara kuwa shi ne ranar da ya fito da hatsinsa kasuwa a lokacin da bai kamata ba. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya, daga gona har zuwa bakin tiya.

Itacen da ke ɓoye cikin ƙasa

Ƙasarmu ta sha fari mai tsanani a 1973 da 1984, tsofaffi har yau da su suke ƙidayar shekaru. A wancan zamani manomin kirki shi ne wanda gonarsa take fes, babu ko tsiro. Kafin damina a sassabe komai, a tara, a sa wuta. Ga kuma dokar gandun daji da aka gada daga Faransawa, wadda ta mai da itace kamar kayan gwamnati: kana iya sare reshe cikin gonarka a ci ka tara. Mutum kuwa ba ya wahalar renon abin da ba nasa ba. Sai fili ya buɗe wa iska. Gero ya tsiro, rairayi ya taso ya yanke shi ko ya binne shi, a sake shuka sau biyu, wani lokaci sau uku, iri ya ƙare.

An kashe kuɗi masu yawa wajen dashen itatuwa, mafi yawansu suka mutu, wasu ƙishirwa, wasu awaki. A 1983 wani mutumin Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aikin noma a jihar Maraɗi, ya lura da wani abu da kowa ke gani amma ba a ɗauke shi bakin komai ba. Ƴan kurmin nan na sabara da kalgo da geza da ake sassabewa kowace shekara, ashe tohon manyan itatuwa ne da aka sare tun da daɗewa, saiwarsu na nan da rai, ta nutsa ƙasa inda akwai laima. Ke nan ba sai an dasa ba, reno kawai ake bukata. Wannan shi ake kira sassaben zamani.

Yadda ake yin sa ba wuya. In ka zo sassabe, sai ka zaɓi kututturan da za ka bari. A kowane ɗaya ka duba rassan da suka fi ƙarfi da miƙewa, ka bar kamar uku zuwa biyar, ka cire sauran. Waɗanda ka bari ka rage musu ƙananan rassa daga ƙasa zuwa wajen rabin tsawonsu. A yi da lauje ko gatari mai kaifi, a riƙa sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Wasu kan ɗaura tsumma a jiki, alamar cewa wannan da mai shi. Abincin da saiwa ke raba wa rassa talatin yanzu ƴan kaɗan za ta ba, shi ya sa cikin shekara biyu ko uku za ka ga abin ya wuce tsawon mutum. Kowace shekara kana iya sare reshe ɗaya don itacen wuta ko na rumfa, ka bar wani sabo ya maye gurbinsa.

Da farko dariya aka yi wa masu yi, ana cewa ragwaye ne, sun kasa share gona. A yunwar 1984 an haɗa taimakon abinci da sharaɗin barin itatuwa a gona, da taimakon ya ƙare mutane da yawa suka sare nasu. Amma waɗanda suka bari sun ga shukarsu ta tsira daga iska, matansu sun huta da tafiyar neman itace, maƙwabta kuma suna kallo. Daga nan abin ya yaɗu, manomi na koya wa manomi. Dokar gandun daji ita ma aka sassauta ta. Da masu bincike suka duba hotunan tauraron ɗan adam bayan shekara ta 2000, sun ƙiyasta fili wajen hekta miliyan 5 ya sake yin itace a kudancin Nijar, itatuwa kusan miliyan 200. A 2018 aka ba Rinaudo wata babbar lambar yabo a ƙasar Suwidin. Ya cancanta, amma a ganina kada a manta hannuwan da suka riƙe laujen na talakawa ne, ba wanda ya biya su.

Cikin itatuwan nan babu kamar gawo. Halinsa ya saɓa wa na sauran: da damina yake zubar da ganye, da rani yake yin kore. Saboda haka ba ya yi wa gero inuwa a lokacin da gero ke son rana, ganyen da ya zubar kuma ya ruɓe daidai lokacin shuka. Saiwarsa tana ƙara wa ƙasa irin sinadarin da ake saye cikin takin zamani, kamar yadda ta wake ke yi. Da rani dabbobi su taru ƙarƙashinsa don inuwa da ƴaƴansa, su bar kashinsu a nan. Duk wanda ya taɓa shiga gona a watan Agusta ya san geron gindin gawo daban yake, ya fi duhu, ya fi tsawo. Wannan ilimi ba baƙo ya kawo shi ba. A ƙasar Damagaram, wajen Matamai da Magariya da Mirya, tun zamanin sarakunan da ake kiyaye gawo, ana kuma ba da labarin hukunci mai tsanani ga wanda ya sare shi.

Sauran ma kowane da amfaninsa: kuka ta ba da miya, aduwa da magarya da kanya su ba da ƴaƴan da yara ke kaiwa kasuwa, goriba ta ba da kaba ta tabarma da igiya.

Taki

Itace kaɗai ba ya isa, gona na son taki. Buhun takin zamani ya fi ƙarfin mutane da yawa, kuma ko an samu, in aka zuba shi a jigawar da ba ta da ruɓaɓɓen abu, ruwa ne ke tafiya da shi. Masu bincike na cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai sun nuna cewa ɗan kaɗan, abin da bai wuce cikin murfin kwalba ba, in an sa shi a ramin shuka, ya fi a watsa shi ko'ina. Amma asalin abin shi ne takin gida: kashin awaki da tumaki, toka, sharar tsakar gida, ƙaiƙayi, a tara a rami a riƙa yayyafa ruwa har ya ruɓe. Sai dai a tsince leda da batir tun a gida. Abin takaici ne ka ga gona an kai mata shara daga birni, baƙar leda ta fi takin yawa, akuya ta ci ta mutu.

Tsohuwar hanyar samun taki mai yawa ita ce yarjejeniya da makiyayi. Bayan an cire amfanin gona, Bafillace ko Buzu ya sauka da garkensa a gonarka, dabbobi su ci kara da harawa, su kwana a nan, ana matsar da makwancinsu daga wannan gefe zuwa wancan har gonar ta samu. Kai kuma ka ba shi damin gero ko tiyoyin da aka yi magana, ka bar shi ya shayar a rijiya, wani ya ƙara da sukari da ganyen shayi. Ba a taɓa ko dala ba, amma kowa ya tashi da abin da ba shi da shi. Akwai gidajen da suka yi shekaru da shekaru makiyayi ɗaya ke sauka musu, har ɗiyansu su gaji zumuncin.

Wannan yarjejeniya tana rauni yanzu, kuma ya kamata a faɗi dalili. Kara da harawa sun zama kuɗi. Manomi na kwashe su ƙaf ya ɗora bisa itace ko rufin ɗaki, don nasa dabbobi ko don ya sayar da bazara. Ba laifinsa ba ne, bukata ce. Amma makiyayi ya zo ya tarar da fili ƙwal, ga burtali an cinye shi da noma, sai ya bi ta inda bai kamata ba, ko ya sauko tun ba a gama girbi ba. Daga nan sai faɗa. Mutanen jihar nan ba su manta abin da ya faru a Toda a 1991 ba, inda aka yi asarar rayuka masu yawa. Ita gonar ma tana asara, domin ƙasar da aka kwashe wa kara duka, iskar hunturu ce ke kwashe ta. Masu dabara kan bar wani kashi a kwance, gara ta ci ta mai da shi ƙasa.

Inda ƙasa ta riga ta zama fako, ruwa na gudu bisanta kamar bisa siminti, akwai dabarar tassa. Manoman wajen Illela a jihar Tawa sun je ƙasar Yatenga a Burkina Faso a 1989 suka ga yadda ake yi, suka dawo suka inganta tasu. Da rani ake gina ƴan ramuka, faɗi kamar taƙi guda da ɗan ƙari, a tara ƙasar ta gefen gangare don ta tare ruwa, a zuba taki cikin hannu ɗaya ko biyu. Gara ta biyo takin ta huda ƙasa, ruwan farko ya taru ya nutse. Aiki ne mai cin ƙarfi ƙwarai, hekta ɗaya tana cin ramuka dubbai, shi ya sa ya fi kyau da gayya. Ga wanda ba shi da gona kuwa, hanya ce ta mai da fakon da aka yasar ya zama abin ci.

Ban daɗe kan haɗa gero da wake ba don kowa ya sani. Wake na gyara ƙasa, yana rufe ta, harawarsa abincin dabba ce, in gero ya ƙi shi ya yi.

Kaka da bazara

Yanzu an yi girbi, an ɗaure dammuna, an kai rumbu. A nan ne ƙaramin manomi ya fi faɗawa rami. Da kaka kowa na da hatsi, kuma kowa na da bukata a lokaci guda: bashin damina, aure, suna, tufafin yara, kuɗin motar mai tafiya cin rani. Kowa ya fito da hatsi rana ɗaya, farashi ya faɗi. Masu jari su saye su tara a sito. Wata shida ko bakwai bayan haka rumbu ya ƙare, ga aikin noma ya kama, sai manomin nan ya dawo kasuwa sayen abin da shi ya noma.

Mu yi lissafi, alal misali kawai. Buhu ɗaya tiya 40 ne. A ce da kaka an sayar da tiya dala 100, buhun ya kama jikka 20. In farashi ya ninka a watan Yuli, jikka 20 ɗin nan tiya 20 kawai za ta sayo. Rabin buhu ya tafi, ba fari, ba fara, ba ɓarawo. A yunwar 2005 abin da ya faru a nan Maraɗi ke nan da girma: kasuwa cike da hatsi, amma talaka ba ya iya taɓa shi.

Maganin farko shi ne ajiya. Gero a zangarniyarsa cikin rumbu mai kyau yana daɗewa fiye da wanda aka sussuke aka zuba a buhu, kuma wahalar sussuka kanta na hana a yi saurin sayarwa. Wake ne mai matsala, ƙwari na huda shi cikin ƴan watanni, shi ya sa ake gaggawar rabuwa da shi. A da toka ko rairayi ake cakuɗa shi da su. Yanzu akwai buhun PICS mai ninki uku, leda biyu ciki da buhu a waje. In an ɗaure kowane da kyau iska ba ta shiga, ƙwarin su mutu, ba tare da an zuba maganin da ke sa mutane ciwo ba. Wakenmu kuwa yana da kasuwa, ana lodinsa zuwa Najeriya har Dawanau ta Kano, wanda ya iya riƙe nasa zuwa bazara shi ke cin ribar.

Akwai kuma bankin hatsi na gari, inda ake saye da kaka a ajiye, a sayar wa ƴan gari da rahusa lokacin tsanani. Akwai warantaji, wanda aka fara yaɗawa a Nijar wajen 1999: manoma su tara amfaninsu a sito ɗaya, a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya wajensu, ɗaya wajen asusun da zai ba su rance, in farashi ya tashi a buɗe a sayar a biya. Dabarar tana da kyau, sai dai rancen yawanci da ruwa yake zuwa, wannan kuwa ya sa mutane da yawa ke ƙaurace masa, kuma suna da hujja. Inda jama'a suka iya haɗa nasu asusun su ranta wa juna ba ƙari, an samu amfanin ba tare da illar ba.

Daga hannun mai noma zuwa hannun mai ci

Tsakanin gona da tukunya hannuwa da yawa ne: mai tara kaya a ƙauye, mai amalanke, dillali, mai sari, mai awo. Kowane da rabonsa. Ba na cewa duk azzalumai ne. Mai albasa a Galmi ba zai iya kai buhunsa Abijan da kansa ba, dole sai da ɗan kasuwa, kuma shi ma yana ɗaukar kasada. Amma abin da za a ci cikin gari ɗaya ko garin da ke kusa, me ya sa sai ya bi ta hannu biyar?

Masu lambu na bakin Gulbin Maraɗi da na Jiratawa sun gane wannan. Mai zogale da ya san mata uku ko huɗu masu dafawa su sayar da ƙuli, ya san inda kayansa za su tun bai yanka ba. Mai salati da tumatir da ya saba da masu abinci, waya kawai zai buga da asuba. Farashin da zai samu ya fi na sari, wanda mai saye zai biya bai kai na kasuwa ba. Sharaɗinsa ɗaya ne, gaskiya: kada a jera manya a sama a ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasan kwando, domin mai sayen nan gobe ma shi za ka nema.

Iyayenmu mata sun fi kowa sanin wannan fanni. Gujiyar da mace ta noma a gamanarta, in ta sayar da ita ɗanya kuɗi ɗaya ne, in ta soya ta matse mai ta yi ƙuli kuɗi biyu ne. Tumatir da ke zubewa a banza lokacin da ya yi yawa, in an yanka an shanya ya zama kauɗa, yana jiran watan da babu. Haka kuɓewa, haka yakuwa, haka garin kuka. Wani abu guda dai da ke damuna a nan shi ne talla. Sau da yawa ƴar da ke ɗauke da farantin ita ce wadda allonta ke jingine a makaranta. Ciniki cikin gida, ko tallar da ba ta ci lokacin karatu ba, ya fi.

Wata ɗabi'a da ya kamata a ambata ita ce ta masu tare hanya ranar kasuwa. Su tsaya bayan gari, su tari baƙauye da jakinsa tun bai ji farashin ranar ba, su saye da arha. Shari'a ta hana tarbar masu kawo kaya kafin su iso kasuwa, kuma dalilin a fili yake. Waya ta rage wannan, tunda mutum na iya tambayar farashi tun yana gida.

Ba ni gishiri in ba ka manda

Musaya ta girmi kuɗi a ƙasar nan, kuma ba ta mutu ba. Babbarta ita ce ta ayari. Da kaka Abzinawa kan ɗora gero bisa raƙuma su ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, su ba da shi su karɓi kantun gishiri da dabino. Daga nan su gangaro ƙasar Hausa su ba da gishirin su karɓi gero, raƙumansu kuma su yi rani a gonaki suna zuba taki. Motoci sun rage ayarin amma ba su kashe shi ba.

Ƙaramarta kuwa kullum muna ganinta. Bafillata ta shigo da ƙwaryar nono da man shanu, ta fita da gero ko dussa. Mai amalanke ya kai maka taki gona, ka biya shi da kara. Maƙeri ya gyara hauya, a ba shi dami da kaka. Wanzami ma haka a ƙauyuka da yawa. Gayya musayar ƙarfi ce, yau gonarka gobe tawa. Akwai kuma ba da kiwo, wanda Fulani ke kira habbanaye: a ba wanda ba shi da komai akuya, ta haihu wajensa, ya riƙe ɗiyan ya mai da uwar. Da jar akuyarmu ta Maraɗi mai yawan tagwaye, wannan kan tada gida.

Amfanin musaya ya fi fitowa lokacin da kuɗi suka yi wuya. Ƙauyukanmu na bakin iyaka da naira da sefa suke ciniki. A farkon 2023 takardun naira suka yi ƙaranci, daga baya cikin shekarar aka rufe iyaka, naira kuma ta yi ta faɗuwa. Wanda ya mai da hatsinsa takarda ya ga yadda ta narke masa a aljihu, wanda ya bar shi a rumbu yana da abin ba mai nono. Amma kada a wuce gona da iri wajen yabonta. Asibiti ba ya karɓar dami, mai magani ba ya karɓar harawa. Kuma sai an dace abin da kake da shi shi wancan ke so. Don haka gida na bukatar duka biyun: abin da zai kawo kuɗi, kamar wake, riɗi, gujiya da ɗan ragon turke, da abin da za a bari don ci da musaya.

A nan darasinmu na fiƙihu ya shigo, domin musayar abinci tana da ƙa'idoji, kuma mutane na faɗawa riba ba tare da sun sani ba. Ga yadda muka karanta a babin ciniki na Risala, a taƙaice.

In abinci ne da ake ajiyewa a rayu da shi, aka musanya shi da jinsinsa, kamar gero da gero, dole awo ya zama daidai, kuma hannu da hannu. Wannan ya fi faruwa wajen iri. Maƙwabcinka na da iri mai saurin nuna, kai naka na ci ne, sai ka ce ga tiya biyu ba ni ɗaya. Bai halatta ba, ko da nasa ya fi kyau. Mafita ita ce ka sayar da naka da kuɗi, ka sayi nasa da kuɗin.

In jinsi ya bambanta, kamar gero da nono, ko gero da gishiri, ko dawa da wake, babu laifi wani ya fi wani yawa, yadda kuka daidaita. Amma nan ma hannu da hannu ne. Karɓar nono yau a kan za a ba da geron ranar kasuwa mai zuwa, wannan jinkirin ne matsalar, kuma ana yawan yin sa.

In abinci ne da abin da ba abinci ba, kamar gero da tabarma, ko da itace, ko ladan aiki, jinkiri ya halatta, muddin an san awon an san lokacin. Haka in mutum ya ba manomi kuɗi tun damina a kan zai karɓi buhu kaza da kaka, an faɗi irin hatsin, da awonsa, da lokacinsa, wannan shi ne salam, kuma halal ne. Ko da yake halaccin bai sa ya zama kyakkyawa ba in an matse mai yunwa an karya masa farashi.

Rance kuwa daban yake da ciniki. Ka ranta wa ɗan uwanka tiya goma a Agusta ya mai da maka tiya goma da kaka, wannan taimako ne. Amma a ba da dami ɗaya da sharaɗin a karɓi biyu, wannan riba ce tsantsa, ko da me aka kira ta, kuma ita ce ke sa wasu gidaje girbinsu na bana ya ƙare wajen biyan abin da suka ci bara. Wanda wata mas'ala ta shige masa duhu, malamanmu na nan.

Saura maganar tiyar kanta. Tiya ba ɗaya ba ce. Akwai babba, akwai ƙarama, akwai wadda aka bubbuga gindinta ya shiga ciki, akwai mai awon da in yana saye zai kafa hannu a baki ya tara tsororuwa, in yana sayarwa ya janye. Suratul Muɗaffifina a kan irin wannan ta sauka. Garuruwan da ke da bankin hatsi mai tafiya daidai, za ka tarar suna da tiya ɗaya sananna da aka ajiye wajen amintaccen mutum, da ita ake karɓa, da ita ake bayarwa, kuma komai ana rubuta shi a littafi: sunan mutum, tiya nawa, wace rana, gaban wa. Sau da yawa abin da ake rasa a ƙauye shi ne mai rubutun. Mu da za mu koma gida hutu mun iya lissafin gado da na zakka, littafin tiyoyi ba zai gagare mu ba, ko da ajami ne.